Karatun Ilimin Gadon Halitta ta Intanet: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A watan Mayun 2024 Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, kuma gwajin sikila na cikin waɗanda dokar ta lissafa. Tun ma kafin dokar, limamai da waliyyai a garuruwa da dama na Arewa sun fara cewa sai sun ga takardar asibiti. Mutanen Kazaure, Roni, Gwiwa, 'Yankwashi da Babura a jihar Jigawa, waɗanda ke auratayya da Kanawa da Daurawa tun kaka da kakanni, sun san wannan takarda. Haruffa biyu ne a jikinta: AA, AS ko SS, wani lokaci AC ko SC. A kan waɗannan haruffa ake ɗaura aure, a kansu kuma ake fasa shi.

To, wa ke yi wa iyali bayanin abin da haruffan suke nufi? Farfesoshin ilimin jini suna manyan asibitocin Kano da Zariya. Wanda magidancin garin Achilafiya da ke wannan yanki zai fara tarar da shi kuwa shi ne malamin asibitin garinsu, ko ungozoma, ko mai ɗakin gwaji a Kazaure. Idan iliminsu ya tsaya inda ya tsaya ranar da suka bar makaranta, a nan bayanin da za su yi wa jama'a zai tsaya. Wannan ne ya sa karatun ƙaro ilimi da ƙungiyoyin masana ke shirya wa ma'aikatan lafiya ta intanet ya shafi kowa, har wanda bai taɓa taɓa kwamfuta ba.

Mene ne ilimin gadon halitta?

Shi ne ilimin yadda 'ya'ya ke gadon kama, siffa da wasu cututtuka daga iyaye. A cikin kusan kowace ƙwayar halittar jikin mutum akwai zarurruka 46 masu ɗauke da bayanan halittarsa, 23 daga uba, 23 daga uwa. A jikinsu aka jera umarni kimanin 20,000 da ke tsara yadda jiki zai ginu ya kuma yi aiki. Sai a 2003 masana suka sanar da kammala gagarumin aikin karanta wannan tsari na ɗan Adam, bayan shekara 13 ana yi.

Sikila, wadda ake kuma kira amosanin jini, tana faruwa ne saboda canji guda ɗaya tak a umarnin da ke zare na 11, wanda ke tsara sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Wanda ya gaji canjin daga ɓangare ɗaya shi ne AS, kuma lafiyarsa ƙalau. Wanda ya gada daga uwa da uba duka shi ne SS. A 1954 wani masani mai suna Anthony Allison ya nuna cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa gadon ya yawaita a ƙasashen sauro irin tamu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a ƙasar kowace shekara. Babu ƙasar da ta kai mu a duniya.

Sikila ba ita kaɗai ba ce a wannan fage. Zabiyanci gado ne daga iyaye biyu. Akwai ciwon da ke hana jini tsayawa, wanda sau da yawa ba a gane shi sai ranar kaciya. Akwai ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, wanda ya fi kama maza, yakan jawo wa jariri shawara mai tsanani, musamman idan an ajiye kayansa da kafur. Wata kurumtar ma gado ce. Auren zumunci, da muke yi da yawa, shi kansa ba cuta ba ne, amma yana ƙara yiwuwar miji da mata su zo da ɓoyayyen gado iri ɗaya. Duk waɗannan suna isowa asibitin karkara, ko an gane su ko ba a gane ba.

Su wane ne waɗannan ƙungiyoyi?

Masana wannan fanni suna da ƙungiyoyinsu kamar yadda kowace sana'a ke da tata. Daga cikin mafiya daɗewa akwai ta Amurka, ASHG, wadda aka kafa a 1948. Afirka ta kafa tata, AfSHG, a 2003, kuma shugabanta na farko ɗan Najeriya ne, Farfesa Charles Rotimi, wanda daga baya ya shugabanci ta Amurkan a 2022. A da aikinsu bai wuce taron shekara-shekara da buga mujallar bincike ba, sai mai kuɗin jirgi da biza ke zuwa. Yanzu suna gabatar da laccoci kai tsaye ta intanet, suna ajiye bidiyonsu domin mambobi su kalla lokacin da suka samu sarari, suna kuma shirya kwasa-kwasai masu jarrabawa da takardar shaida. Annobar korona ta 2020 ta ƙara tura wannan tsari gaba, domin a lokacin manyan taruka ma ta intanet aka yi su.

Ƙungiyar Afirka ta haɗa gwiwa da hukumar binciken lafiya ta Amurka da gidauniyar Wellcome ta Birtaniya aka kafa shirin H3Africa a 2010. Dalili kuwa shi ne, 'yan asalin Afirka ba su kai kashi 3 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken gadon halitta a kansu ba, alhali a Afirka bambancin halittar ɗan Adam ya fi yawa. Wani bincikensu da aka buga a 2020, wanda ya duba mutum 426 daga ƙasashe 13, ya gano bambance-bambance sama da miliyan uku da ba a taɓa rubutawa ba. Ma'ana, littafin da aka rubuta bisa jinin Turawa ba zai ishe mu ba.

Daga cikin wannan shiri ne aka samu tsarin karatun da ya fi dacewa da mu. Tun 2016 suka fara kwas ɗin da malami ke koyarwa daga nesa, ɗalibai kuma su taru a aji ɗaya a garinsu tare da mai taimaka musu. Ana sauke bidiyon darasi tun kafin ranar aji, don kada rashin sabis ya ɓata zama. A 2017 aka yi amfani da wannan tsari aka koyar da ma'aikatan jinya a ƙasashen Afirka sama da goma yadda ake tattara tarihin cututtukan dangi da yadda ake yi wa iyali bayani.

A gida Najeriya, Gidauniyar Sikila da Farfesa Olu Akinyanju ya jagoranci kafawa a Legas ta daɗe tana horar da masu ba da shawara kan gadon sikila. A Jami'ar Abuja akwai cibiyar bincike da horarwa kan sikila ƙarƙashin Farfesa Obiageli Nnodu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta buɗe dandalin darussa kyauta mai suna OpenWHO a 2017.

Me ya sa wanda ya gama makaranta zai koma karatu?

Da farko, doka ce. Hukumar da ke kula da likitoci ba ta sabunta wa likita lasisi sai ya nuna makin karatun ƙaro ilimi da ya tara. Hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma tana da nata shirin na dole, haka ta masu ɗakin gwaji. Amma ko babu doka, ilimin kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma misalan suna kusa da mu.

Yaro mai SS yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Idan ba a ɗauki mataki ba, kusan ɗaya cikin goma na gamuwa da ita kafin ya kai shekara 20. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kai a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, a gane yaran da ke bakin haɗari. A ƙasashen Turawa ƙarin jini ake yi wa irin waɗannan yara kowane wata, abin da ba zai yiwu ba a yawancin asibitocinmu. Sai likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala Muhammad da na Barau Dikko a Kaduna, cikinsu har da Shehu Umar Abdullahi da Najibah Galadanci, suka haɗa kai da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt a Amurka. Bincikensu da aka buga a 2022 ya nuna cewa maganin sha mai suna hydroxyurea, ko da a ƙaramin awo, yana rage wannan haɗari ƙwarai. A Kano aka gano wannan, tafiyar da ba ta kai wuni ba daga Achilafiya. Amma ma'aikacin da ya gama makaranta a 2012 bai karanta shi a aji ba.

Haka gwajin jarirai. Tun 1986 bincike a Amurka ya nuna cewa ba wa ƙananan yara masu sikila maganin penisilin kullum yana rage mugun ciwon da ƙwayoyin cutar limoniya ke haddasawa da kashi 84 cikin ɗari. Matsalarmu ita ce ba ma gane yaron da wuri. Na'urar gwajin da aka saba da ita takan rikice da jinin jariri, domin har zuwa wata shida yana ɗauke da irin jinin da ya fito da shi daga ciki. Yanzu akwai ƙananan kayan gwaji irin HemoTypeSC da Sickle SCAN, ɗigon jini kawai suke buƙata, ba sa neman lantarki, sakamako cikin mintuna. Tawagar Farfesa Nnodu ta gwada su a wuraren rigakafin yara a Gwagwalada, aka ga suna aiki. Duk asibitin da ake yin allurar rigakafi zai iya yin wannan gwaji idan an horar da ma'aikatansa aka kuma kawo kayan.

Wani lokaci sabon ilimin gargaɗi ne. A watan Satumban 2024 kamfanin Pfizer ya janye maganin sikila mai suna Oxbryta daga kasuwannin duniya, bayan bayanai sun nuna haɗarinsa ya rinjayi amfaninsa. Wani lokaci kuma amsa ce ga tambayar da iyaye ke zuwa da ita bayan sun ji labari a rediyo. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayoyin ɓargon mai sikila, amma kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan biyu. Dashen ɓargo kuwa an fara yinsa a Najeriya a 2011, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, sai dai yana da tsada da haɗari, yana kuma neman ɗan'uwan da ɓargonsa ya dace. Ma'aikacin da ya san waɗannan zai faɗa wa uba gaskiya, ya kuma kare shi daga masu tallan "maganin da ke mayar da SS ya koma AA", wanda babu shi.

Me ake koya a irin wannan karatu?

Ga ma'aikacin karkara, darussan da suka fi amfani su ne waɗanda ke gyara kurakuran da ake ji kullum.

Rukunin jini daban, gwajin sikila daban. A, B, AB da O suna da amfani wajen ƙarin jini, ba su faɗin komai a kan sikila. Mutum zai iya zama O kuma ya zama AS.

Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Mutane da yawa suna ɗauka cewa ɗa ɗaya ne cikin huɗu zai kamu, wai idan an haifi mai sikila, uku na bayansa sun tsira. Ba haka ba ne. Kamar ƙuri'a ce da ake sake jefawa a kowane ciki, wadda ta fito jiya ba ta da iko a kan ta gobe. Gida ɗaya zai iya samun 'ya'ya biyar babu mai sikila, maƙwabcinsa kuma uku a jere.

Ba uwa kaɗai ke kawo sikila ba. Sai uba ya bayar da rabinsa. Matan da aka ɗora wa laifi, har wasu aka sake su, an zalunce su ne da jahilci. Haka zancen haihuwar 'ya'ya mata: abin da ke sa ciki ya zama namiji ko mace daga maniyyin uba yake zuwa.

Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce, gwajinsa zai iya nuna jinin wanda ya ba shi. Don haka mai gwaji ya kamata ya yi tambaya kafin ya ɗebi jini. Idan sakamako biyu suka saɓa, a maimaita a babban asibiti.

AS da AC ma za su iya haifar SC, wanda shi ma nau'in sikila ne. Sannan mai SS mutum ne kamar kowa, yana karatu, yana sana'a, yana aure. Idan ya auri AA, 'ya'yansu AS za su zama.

Bayan waɗannan akwai darasin da ya fi wuya, wato yadda ake faɗa. Saurayi da budurwa da suka shekara suna neman juna, an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, sai takarda ta nuna duka AS. Aikin ma'aikacin lafiya shi ne ya zaunar da su a keɓe, ya yi bayani da Hausar da za su gane, ya amsa tambayoyinsu, ya riƙe sirrinsu. Yin haka a tsakar asibiti gaban jama'a cin amana ne. Tura hoton takardar wani da sunansa a zauren WhatsApp, ko da na abokan aiki ne, shi ma cin amana ne. Kwas mai inganci yana ba wannan ɓangare lokaci kamar yadda yake ba lissafin gado.

Abin da intanet ba za ta iya ba

Ba a koyon riƙe na'urar auna jijiyoyin kai ta kallon bidiyo, sai an tsaya kusa da gwani an yi ta maimaitawa. Haka lalubar saifar yaro, da nuna wa uwa yadda za ta riƙa dubawa a gida. Karatun intanet yana share fage ne, aikin hannu kuwa sai an je Kano ko Dutse ko Birnin Kudu.

Akwai kuma matsalolin da kowa ya sani: tsadar data, rashin wuta, sabis da ke zuwa yana ɗaukewa. Yawancin darussan da Turanci suke, wasu kuma an tsara su ne domin asibitocin da ke da kayan da mu ba mu da su. Laccar da ake yi da rana a Amurka, a nan dare ne. Ma'aikaciyar da ita kaɗai ce a asibitinta, ga masu awo ga masu naƙuda, ba ta da sa'a biyu da za ta zauna gaban waya.

Shi ya sa tsarin taruwa a aji ɗaya ya fi mana. Kazaure tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta jihar Jigawa, Babura tana da Jami'ar Fasaha ta Tarayya. Ɗaki ɗaya mai wutar sola da intanet, rana ɗaya a wata, ya isa ya tara ma'aikatan Achilafiya, Karkarna, Roni da Gwiwa, su kalli darasi tare, likita ɗaya ya warware musu abin da ya shige duhu, su kuma tattauna yadda za a faɗe shi da Hausa. Akwai tsarin da ake kira Project ECHO, wanda wani likita, Sanjeev Arora, ya fara a Jami'ar New Mexico a 2003: ma'aikatan karkara su kawo matsalar da ta gagare su, ba tare da ambaton sunan majiyyaci ba, ƙwararru su amsa ta bidiyo, kowa ya ƙaru. Babu abin da zai hana a yi irinsa tsakanin asibitocin Kazaure da ƙwararrun Kano.

Yadda ake gane kwas na gaskiya

Ga ma'aikacin lafiya, tambayoyi huɗu sun isa. Wa ya shirya kwas ɗin, sananniyar ƙungiya ce ko jami'a, ko kuwa lambar waya ce kawai da lambar asusu? Su wane ne malaman, a ina suke aiki? Hukumar da ke ba ka lasisi ta amince da makinsa? Akwai jarrabawa, ko da ka biya kuɗi za a turo takarda? Takardar da aka saya ba a zauna aji ba tana iya sabunta lasisi, amma majiyyaci ne zai biya kuɗin jahilcin da ke bayanta. Haka nan kwas na mako shida ba ya mayar da kowa likitan jini. Amfaninsa shi ne ka san abin da za ka iya, ka kuma san lokacin da za ka tura majiyyaci gaba.

Ga sauran jama'a kuwa, waɗannan darussa ba izini ba ne na yi wa kai magani. Hydroxyurea sai da likita da awon jini a kai a kai. Wanda ya kalli bidiyo ya je kemis ya saya wa ɗansa ya jefa shi cikin haɗari.

Me ya rage gare mu?

Iyaye su yi wa 'ya'yansu gwajin sikila tun suna ƙanana, kada a jira sai an sa rana. Samari da 'yan mata su san nasu kafin magana ta yi nisa. In an ba ku takarda, ku nemi bayani, haƙƙinku ne, kuma kada ku ji kunyar cewa ba ku gane ba. Limamai da masu unguwanni, waɗanda takardar ke bi ta hannunsu, su ma suna buƙatar zama ɗaya da ma'aikacin lafiya domin su san abin da suke dubawa, su kuma daina karɓar takardar da ba a san inda ta fito ba.

Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa da hukumar kula da lafiya a matakin farko da shugabannin ƙananan hukumomi su ware wa ma'aikatan karkara lokacin karatu da kuɗin data, su kuma kai kayan gwajin jarirai wuraren rigakafi. Masananmu da ke jami'o'in Kano, Dutse da Zariya su shirya gajerun darussa da Hausa, waɗanda ƙaramar waya za ta iya saukewa. Ranar 19 ga watan Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware domin sikila tun 2008, ta dace a riƙa tara ma'aikata a cikinta domin irin wannan karatu, maimakon jawabai kawai.

Ku kuma ma'aikatan lafiya, amanar da ke hannunku babba ce. Magana ɗaya daga bakinku tana iya hana a zargi uwa a kan abin da ba ita kaɗai ta kawo ba, tana iya sa a kai yaro Kano kafin ɓarin jikinsa ya shanye. Ku nemi kwas ɗaya na gaskiya a bana, ku kammala shi, ku koyar da abokan aikinku abin da kuka samu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.